Murucin da Ba Na Tukunya Ba

Luba, zauna ki rubuta. Na san Hausarku ta makaranta za ki zuba a takardar, ba irin tawa ba, wannan bai dame ni ba. Maganar dai kada ki rage mata komai. Ni ban san baƙi ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana tsallake shi zan yi in wuce. Abin da na sani muruci ne. Shekara arba'in da wani abu ina dafa shi, tun ina amarya a gidan babanku a Horo Birni har zuwa lokacin da Allah Ya karɓe shi. Dalilin rubutun nan kuma ɗaya ne. A bakin iyakar gonarsa ta fadama akwai wuri shida da muka kewaye da ƙaya, ina so ko bayan raina kada wanda ya kai musu dagi. Idan na ce a bari kawai, ku mutanen yanzu sai kun ji dalili, dalilin kuwa ba ya shiga kan wanda bai san yadda ake muruci ba.

Ƙanenki Auta, da yake ya saba da tuƙin kekensa mai ƙafa uku a Bodinga, ya taɓa ce min muruci ruwa ne da wuta, shi ke nan. Ban ga laifinsa ba. Dafaffe ya tashi yana ganinsa a faifai. Muruci ɗan giginya ne da bai kai ga ganin rana ba. Ƙwallon giginya ake binnewa, ya tsiro ya nufi ƙasa, ya yi kauri kamar damtsen jariri, a tono shi kafin ya juyo sama ya zama ganye. Tsakanin binnewa da faifai akwai wata bakwai ko takwas, kuma a kowane mataki mutum na iya ɓata shi.

Tukunyata ta farko ba zan manta da ita ba. Ban daɗe da tarewa ba, uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Inna Babba, ta zube min kwando guda a tsakar gida ta ce za ta gidan suna, in dafa kafin ta dawo. A Mandera inda na tashi gero da albasa muka sani, muruci sai dai in gan shi a hannun mai talla. Kunya ta hana ni tambaya. Na zauna na ɓare su tas kamar rogo, na wanke, na zuba gishiri da 'yar kanwa don su yi saurin nuna, na hura wuta son raina. Da ta dawo ta buɗe tukunyar ta daɗe tana kallo. Sun yi jajir, sun sha ruwa sun kumbura, na ƙasa sun kama. Ta gutsuri ɗaya ta tauna ta tofar.

"Ɗiyar ga, wa yac ce ki tuɓe masu riga?"

Na sunkuyar da kai.

"Muruci da rigatai akan dahwa shi. Ke in anka tuɓe ki anka jefa cikin ruwan zahi, mi za ki zama?"

Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da babanku ya dawo daga gona ya ji labari, sai ya ɗauki biyu daga cikin waɗanda za a zuba wa awaki, ya cinye su a tsaye, fuskarsa na yamutsewa don ɗaci. Ya ce, "Ta Mandera, gobe ma rana ta." Daga ranar sunan ya bi ni. Har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da wani suna ba, ni kuma Malam nake ce masa. Yanzu babu mai ce min Ta Mandera. Rubuta wannan ma, kada ki tsallake.

Inna Babba ba ta koyarwa da baki, sai dai ki tsaya ki gani. Ga abin da na gani. Za a wanke muruci a kawar da ƙasa, a datse jelar, a bar masa rigarsa, wato ɓawon nan mai ruwan ƙasa da ya lulluɓe shi. A gindin tukunya a shimfiɗa karan dawa da aka kakkarya, don kada na ƙasa su taɓa gindin su ƙone. A jera su a tsaye, masu kauri a tsakiya inda wuta ta fi ci. Ruwan farko ba a sa masa komai. In ya tafasa ya yi duhu a tsiyaye shi duka, shi ne ke tafiya da ɗacin. Mai ƙyuya nan take faɗuwa, don ɗaga tukunya mai zafi ba daɗi. A ruwa na biyu ake sa gishiri, kaɗan. Kanwa kuwa ko kusa. Wutar ta itace mai kauri ce, mai ci a hankali, ba ta kara mai tashi ta mutu ba. Idan tsinke ya shiga wurin kaurin ba gardama, a janye wuta, a tsiyaye, a rufe bakin tukunya da buhu ya huce a cikin tururinsa. Sai ya huce ake tuɓe rigar, a tsaga shi biyu a tsaye. A tsakiya akwai wani siririn tsiro da muke ce wa harshe, a zare shi a yar, ragowar ɗacin a nan yake ɓuya. A kankare zaruruwan baya da wuƙa. Abin da ya rage fari ne mai gari-gari, ga ɗan zaƙi daga baya. A ci da garin ƙuli da yaji.

Tukunyar ƙasar da nake yi da ita ta Inna Babba ce, ita ta bar min. Kun sayo min ta ƙarfe na gode, amma ta ƙarfe fushi gare ta, tana dafa baya ta bar ciki.

Wannan duk nawa rabon ne. Rabon Malam ya fi wuya, kuma shi ba a ganinsa a faifai. Ba kowane ƙwallo ake binnewa ba, sai na ɗan giginyar da ya nuna ya faɗo don kansa. Da ruwan farko ya sauka sai ya nufi wuri mai rairayi a gonar fadama, ya sassauta ƙasa har zurfin gwiwa don muruci ya sami hanyar sauka, ya jera ƙwallaye kafaɗa da kafaɗa, ya yayyafa rairayi a kai kamar mai rufa wa jariri zane. Ba ya bari ko kaza ta taka wurin. Wata rana na bi ta kai ba da sani ba, ya yi min faɗan da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Wanda za shi dawo shi tona ba ya take ƙasa." Ki riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Tono kuma sai sanyi ya shiga sosai. Ba ta sama ake farawa ba. Ana yin rami a gefe, a bi su ta haƙarƙari da dagi, ƙasa na zubowa, su kuma suna bayyana a jere. Wanda dagi ya yanka ya tashi daga na sayarwa, ruwa zai shiga ta ciwon ya yi ɗaci. Idan aka yi jinkiri har kan ganye ya huda ƙasa kamar tsinin mashi, to muruci ya fara ciyar da ganyen, zai yi itace, cikinsa ya zama fanko.

Ina da ƙuruciya ba na fita, Malam ke ɗaure kwandon a bayan keke ya kai kasuwar Bodinga. Da na manyanta na aurar da ku, sai na riƙa bin mota da kaina ina zama a bakin tasha. A nan na san mutane. Masu lodin albasa su ne na farko, su ba sa zaɓe, a cika musu hannu kawai. Matan Fulani masu nono mu yi musaya, in koma gida da ƙwarya cike. Sai direbobi, su kuwa da wata manufa suke zuwa, don an ce musu muruci na ƙara wa namiji kuzari. Akwai wani da ake kira Dogo, in ya zo sai ya duƙa ya rage murya kamar mai gulma.

"Inna, zaɓo man mai ƙarhi. Kin san gidan nawa ba hutu."

"Ni abinci nika saidawa, Dogo. In magani kaka biɗa, ga mai saiwoyi can gindin darbejiya."

"Wancan ai ya cuce ni sau biyu. Naki dai."

"To ci ka sha ruwa, sauran ka roƙi Allah."

Duk tashar ta ɗauki dariya, shi ma yana yi. In na koma gida na ba Malam labari, sai ya ce in gaya wa Dogo wanda ke binne abin ma bai ga wani canji ba. Haka yake, ba ya yawan magana, amma in ya jefa guda ɗaya sai ta kwana tana ba ki dariya.

Shekarar da ta fi mana muni ba fari ya kawo ta ba. Giginyoyin da muke tsintar 'ya'yansu suna cikin fadamar wani mutum ne, tun kakanni ba a hana kowa tsinta. Da ya rasu magada suka sayar da su ga masu yankan azara. Giginya akwai namiji akwai mace, macen ce ke haihuwa, kuma a da namijin kaɗai ake sara. Waɗannan ba su bar ko ɗaya ba. Kwana uku muna jin faɗuwarsu daga cikin gida, ƙasa na girgiza. Malam ya hau motar kaya ya yi kudu, ya sayo ƙwallo buhu-buhu a hannun mutanen da bai sani ba. Ashe ɗanyu aka kakkaɓo daga sama. Ya binne su yadda ya saba, muka jira wata bakwai. Ranar da ya buɗe ramin wari ne ya tarye shi, duk sun ruɓe sun yi baƙi, gara ta gama da sauran. Abin da ya kawo gida bai rufe gindin kwando ba. A shekarar na kife tukunya, na koma suyar ƙuli. In na je tasha a ce, "Inna, ina muruci?" in ce yana tafe. Tun daga nan Malam ba ya sayen ƙwallo sai ya auna nauyinsa a tafin hannu ya shinshina, don nunanne ƙamshinsa ba ya barin jikinsa. Kuma duk shekara sai ya yi wannan tafiyar. In muka bi ta tsohuwar fadamar yakan tsaya ya dubi kututturan.

Daminarsa ta ƙarshe ƙafafunsa sun riga sun kumbura, tafiya kaɗan sai haki. Na ce a bar muruci bana. Ya ce ƙwallon ya riga ya iso, ba a barinsa ya bushe. Na bi shi gona da ruwan sha. A zaune ya jera su, yana ja da gindi, ya rufe. Guda bakwai suka rage a buhu. Na ɗauka zai cusa su a gefe, sai na ga ya zuba su a aljihun riga ya ɗauki dagi da sandarsa ya nufi bakin iyaka. Ina zaune a inuwa ina hangensa. Ya yi taku goma ya duƙa, ya daɗe, ya tashi ya ƙara goma. Rana ta take, ni kuma raina ya ɓaci. Da ya dawo na ce, "Malam, wa za shi gina rami bakwai don muruci bakwai? Ciwon ya taɓa maka kai?" Ya sha ruwa, ya goge baki, ya ce, "Ta Mandera, ke dai ji da tukunyakki."

Wannan baƙar maganar da na faɗa masa har yau tana nan tare da ni. Bari in sha ruwa. A'a, kada ki ajiye alƙalamin.

Ana cikin yankan gero ya rasu, da hantsi, kansa a kan cinyata. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ina ɗaki, muruci na ƙasa yana girma, lissafinsa na tafiya tare da nawa. Da sanyi ya kama sosai Auta ya zo daga Bodinga ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, lokaci ya yi. Bari in tone in kawo, matata ta dahwa maki."

"Ka taɓa riƙa dagi?"

"Haba Inna. Tono na fa. Dahuwa kuma ruwa da wuta."

"Bar su."

Ya dawo bayan mako biyu ya ce ya leƙa, kan ganye ya fara fitowa a gefe ɗaya. Na san abin da hakan ke nufi, na fi shi sani. Liman ma ya aiko cewa fita don lalura ba laifi ba ce ga mai takaba. Gaskiyar ita ce ba takabar ta riƙe ni ba. Muddin suna cikin ƙasa, akwai wani aikin Malam da bai ƙare ba, kamar ya fita ne zai dawo ya ƙarasa. In na tone na dafa aka cinye, shi ke nan. Ina ji ina gani na bar abin da ya yi da ƙafafu kumburarru yana lalacewa, saboda son zuciyata.

Washegarin fitata daga takaba, da sassafe, na ce wa Auta ya ɗauko dagin. Yana isa ya kafa shi ta sama, ya karya biyu nan take. Na karɓe na zana masa inda zai fara a gefe, na nuna masa yadda ake bi ta haƙarƙari. Ya yi ta yi ina tsaye a kansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun wuce, sun yi itace. Sauran kuwa ban taɓa ganin masu kyau irinsu ba, miƙaƙƙu, masu kauri. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi ruwa. Ya zauna a bakin ramin yana haki ya ce, "Inna, ashe haka Baba ka yi kowace shekara?" Na ce, haka, da ciwo ma.

Ina tsince masu kyau na ce ya je ya tono bakwai ɗin can na bakin iyaka mu tafi. Ya tafi. Ina jin dagi na ƙara kamar ana dukan daɓe. Can ya ƙwala min kira.

"Inna, nan ƙasar ta yi tauri. Kamar an bi ta da turmi."

Na ƙarasa. Ya riga ya ciro na farko, dagi ya tsaga masa gefe. Na duƙa na sa hannu a ramin. Ƙasar a danne take, an take ta an sake takewa. A ciki ga taki, abin da Malam bai taɓa sa wa muruci ba. A kewaye ga 'yan duwatsu an jera an rufe, don kada wani abu ya tona. Auta ya ɗaga dagi zai nufi na biyu, na riƙe masa riga.

"Tsaya. Waɗanga ba na tukunya ba na."

Mutumin da ya yi min faɗa don na taka masa rairayi, shi ne ya tsaya da ƙafafu masu ciwo yana take ƙasa sau bakwai. Wanda zai dawo ya tona ba ya take ƙasa. Ya san ba zai dawo ba, kuma ba ya so a tona. Giginya ya shuka. Bai shuka ɗaya ba don ba a gane namiji da mace a ƙwallo, sai sun girma sun nuna kansu, kuma giginya ba ta haihuwa sai jaririn da aka haifa ranar shukarta ya isa aure. Ya san ba zai gani ba, ya san ni ma ba zan gani ba. Ni kuma na tambaye shi ko ciwo ya taɓa masa kai. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Auta ya ajiye dagi, ya aro gatari a gonar maƙwabta, ya shiga saran ƙaya. Sai la'asar muka bar gonar.

Na dafa su a tukunyar Inna Babba, ruwa biyu, yadda aka koya min. Ban sayar da ko ɗaya ba. Na raba a unguwa, sauran na kai tashar Bodinga na ce sadakar Malam ce, a yi masa addu'a. Dogo ya karɓi nasa, ya buɗe baki zai yi barkwancin da ya saba, sai ya fasa, ya cire hula ya shafa fatiha. Na bakwai ɗin da dagi ya yanka ban ba kowa ba. Ruwa ya shiga ta ciwon, ya yi ɗaci kamar maɗaci. Na cinye shi a tsaye.

To ga abin da nake so a sani. Shida suka rage, huɗu sun fito da ganye, biyu ina sa rai. Shekaru za su yi suna nan a ƙasa, ganye biyu ko uku, kamar ba sa komai. Wanda bai sani ba zai ɗauka ciyawa ce ya kai fartanya, wanda ya sani kaɗan zai ce ga muruci ya wuce, a cire a huta. Kada a taɓa. Ƙayar a sabunta ta duk shekara kafin a saki shanu cikin gonaki, a gaya wa makiyaya da lalama, sun san Malam, ba za su ƙi ba. In an zo rabon gona, duk wanda iyakar ta faɗa a nasa ya san ba shi kaɗai aka shuka wa ba. In sun haihu kada a hana kowa tsinta.

Mutane na cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta, suna faɗa ne don zargi. Ni yanzu na nesan nake jira, waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Auta ya tambaye ni garin da babansa ke sayo ƙwallo. Na gaya masa, na ce ya auna a hannu ya shinshina. Ko zai je, Allah Ya sani.

Ki yi takardar biyu. Ɗaya ki ba shi. Ɗayar ki naɗe ki sa a cikin tukunyar ƙasa, duk wadda ta gaje ta ta tarar. Yanzu karanta min in ji. Fara daga inda ya ce Ta Mandera.